Tukunyar da Ba Ta Koma Rami Ba

Waɗanda suke wurin ranar ba su da wuyar faɗi. Akwai ni. Akwai Kaka, babbar maginiyar tukwane ta unguwarmu da ke gindin dutse bayan Manchok, wadda ta koya wa kowace mace a cikinmu riƙon yumɓu. A lokacin idonta ya riga ya tafi, sai dai ta bambanta haske da duhu. Akwai surukarta, matar ɗanta na fari, mai jan hannunta duk inda za ta. Gashinta ya fara fari amma har yau amarya muke ce mata. Akwai wasu magina huɗu daga unguwa, kowa da zanen zumuntar matan coci. Akwai fastonmu, da wani Alhaji da ya shekara talatin yana sarar tukwanenmu yana kaiwa kasuwar Kafanchan. Akwai wani mutum daga Legas mai farar safar hannu. Sai ɗalibai da masu ɗaukar hoto, waɗanda ban san su ba, ban kuma nemi sani ba. Sai mai taron, 'yar ƙanwata, wadda tun rasuwar uwarta take kirana Mama.

Yarinyar ta yi karatun zane da sassaƙa, ta yi suna a garuruwan da ban taɓa takawa ba. Wani gidan ajiye kayan fasaha a Legas ya tattaro duk aikin da ta yi cikin shekara goma sha biyar zai nuna wa duniya. Ita kuma ta kafe sai an fara nunawa a gida, ko na kwana uku ne. Aka gyara wani tsohon sito kusa da layin dogo a Kafanchan, aka shafa masa farar ƙasa, ta aiko mana da bas har ƙofar coci. Matan unguwa sun yi mako suna murna. Ni kuwa ban taya su ba, don na san abin da ke cikin siton nan.

A unguwarmu, in maginiya ta mutu ta bar ɗanyun tukwane da ba a gasa ba, 'yar'uwarta ce ke kwashe su washegarin jana'iza ta kai ramin da muke haƙar yumɓu, ta farfasa, ta kwara ruwa su koma ƙasa. Kafin a yi haka ba mai shiga ramin. Tsofaffi sun ce in aka bar ko ɗaya, hannun mamaciya bai huta ba, tukwanen masu rai ne za su yi ta fashewa a wuta. Coci ta zo ta same mu muna yi, fastoci sun zo sun tafi, kowa ya kau da kai.

Da ƙanwata ta rasu, shekara ashirin da uku ke nan, ta bar guda bakwai. Na kwashe shida. Ta bakwai na tarar da yarinyar, tana 'yar shekara goma sha biyar, ta shige da ita ƙarƙashin gado ta rungume. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba, ido kawai ta zuba mini. Ni ba mace ba ce mai taushin zuciya, kowa ya sani, amma na sake labule na fita. A bakin rami Kaka ta tambaye ni ko duka ke nan, na ce duka.

A ranin nan sau biyu muna gashi tukwane suna fashewa kamar ana harbi. Kaka ta sake kirana ta tambaya, na sake cewa duka na mayar. Sai ido ya koma kan amarya, wadda aka kawo daga wajen Fadan Kaje wata biyar kafin nan, ba 'yar gidan magina ba, tana koyo. Aka ce hannunta ne. Kaka ta hana ta rami da wurin gashi rani uku. Itace kawai take ɗaukowa ta ajiye nesa ta juya. In ta shigo gida ana shanyar tukwane, sai mace ta tashi ta tsaya tsakaninta da su. Yara suka sa mata suna, har ɗanta na fari ya tashi yana ji. Ni ban san abin da ya fasa tukwanen nan ba. Ko ɗanyen itace ne, ko sabon gefen ramin da muka buɗe mai tsakuwa, ko abin da na bari ƙarƙashin gado. Abin da na sani, na ga ana yi mata, na yi shiru. Yarinyar kuwa kawunta ya tafi da ita makarantar kwana wata biyu bayan jana'iza, da tukunyar a cikin kwandon tsumma. Ba ta san abin da ya biyo baya ba, ni ma ban taɓa gaya mata ba.

Mako ɗaya kafin taron yarinyar ta zo gaishe ni, ta ce tukunyar uwarta za ta kasance a wurin, don daga ita duk aikinta ya fito. Na ce kada ta kuskura. Ta ce an riga an sa hannu a takarda. Na ce to in Kaka ta tambaya, ta ce ita da kanta ta gina tana kwaikwayon hannun uwarta. Ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba. Na ɗauki shirun nan a matsayin to.

Abin da nake tsoro ɗaya ne. In Kaka ta gane tukunyar, ba za ta bar ta ta kwana a duniya ba. Tukunyar nan kuwa ita kaɗai ce abin da yarinyar ke da shi na uwarta, ko hoto babu.

Tsakiyar damina ce, tun daga Kagoro ake yayyafi. Muka iso da hantsi. Kafin a bar mu mu shiga, mutumin Legas ya tsayar da mu a ƙofa yana Turanci, yarinyar tana juya mana. Kada a taɓa komai. Kada a jingina. Kada a yi fifita kusa da kaya. Mai tari ya fita waje. An kashe fanka, an rufe tagogi, don iska kaɗan ta isa ta lalata aikin shekara guda.

Alhaji ya tura hannayensa cikin aljihun riga ya ce shi da ya tsufa yana ƙwanƙwasa tukwanen matan nan, yau an ɗaure shi ba igiya. Ɗaya daga cikin matan ta ce ai gara haka, yau dai ba zai ce ya ji tsaga don a rage masa ba. Aka yi dariya. Ni ban yi ba. A wurinmu, in aka nuna miki tukunya ba ki ƙwanƙwasa ta da gaɓar yatsa kin saurara ba, kin raina mai ita. Hannun magina ba ya jin gargaɗi. Na san ko sau goma aka faɗa, Kaka sai ta taɓa, don da hannu take gani.

Ba zan hana yarinyar haƙƙinta ba, aikin ya yi. Akwai ɓawon ƙwai da ta ɗinke da zare, ɗaruruwa, suna rataye daga sama kamar ƙwarya ta kife. Akwai labule na karan acca, siriri har kina hango mutum ta bayansa, in kin yi numfashi kusa sai ya motsa. Akwai ƙananan kasake na yumɓu da ta murza har suka yi kaurin farce, an sa fitila a bayansu haske yana ratsawa. Akwai riga sukutum da ɓawon albasa. Wata cikin matanmu ta tsaya ƙarƙashin ƙwan ta ɗaga kai ta daɗe, sannan ta tambayi yarinyar wa ya cinye duk wannan. Ta ce ita da maƙwabtanta, shekara uku. Matar ta ce shi ya sa ba ta yi aure ba, ta ƙoshi.

Suna wannan na zame na wuce can ƙarshen siton. Tukunyar tana nan a kan wani farin akwati da ya kai ƙugu, ita kaɗai, ba igiya ba komai. Daga baya na ji an yi mata murfin gilashi, ya tsage a hanya. Tulu ne matsakaici, na ɗiban ruwa, launin toka irin na yumɓun da bai ga wuta ba. Shekara ashirin da uku ban sa ta a ido ba. Ƙanwata bahaguwa ce, in ta murza igiya a wuyan tulu zanen yakan kwanta ta wancan gefe, ba kamar na kowa ba. Duk wadda ta taɓa zama kusa da ita tana gini za ta gane shi ko a cikin duhu.

Na juya mata baya na tsaya. Ina da jiki, na kuma buɗe mayafina na riƙe ƙugu, yadda mai zuwa daga gaba ba zai ga komai ba sai ni. A bango daidai kafaɗata akwai wata farar takarda. Na ga irinta manne kusa da kowane abu a siton. Ni ban yi makaranta ba, na ɗauka sunan yarinyar ne da gargaɗin kada a taɓa, ban ko sake kallonta ba.

Daga nan nake kallon Kaka. Amarya na jan ta a hankali tana gaya mata abin da ke gabansu. A wurin ƙwai ta miƙa hannu, mutumin Legas ya yi tsalle ya tare. A wurin labulen acca ta shammace shi ta shafa gefe da bayan yatsa, ta ce karan an yanke shi da wuri. A wurin kasaken ta tambaya ko an gasa, aka ce an gasa, ta ce a ba ta ɗaya. Yarinyar da kanta ta ɗauko wani ta ɗora mata a tafin hannu, mutumin yana goge gumi. Kaka ta ɗan buga shi da farce ta kai kunne. Ta ce yana magana, amma ba zai riƙe ko miyar jariri ba. Yarinyar ta ce ba don miya aka yi shi ba, Kaka. Kaka ta ce ta gane, don a ciyar da wancan mai safar aka yi shi.

Zafi ya cika siton. Ruwa ya ƙaru a kan kwano har sai an ɗaga murya. Ina lissafin abin da ya rage tsakanina da su: rigar albasa, wasu faya-fayai biyu, sai ni. Na yi ta addu'a Kaka ta gaji ta nemi kujera. Fasto ma ya kawo mata, ta ce ba zama ya kawo ta Kafanchan ba.

Da suka iso gabana na riga su magana. Na ce nan ba wani abin gani, tulu ne yarinyar ta gina tana kwaikwayon uwarta, bai ma yi kyau ba, su koma wajen kujeru an kusa raba lemo. Idona na kan hannun Kaka. Ban lura da amarya ba sai da na ga ba ni take kallo ba, saman kafaɗata take kallo, leɓenta yana motsi yadda take yi a coci in an buɗe Littafi. Ta yi ajin manya na zumunta shekara biyu, tana karanta Hausa, a hankali amma ba ta tsallake ko harafi. Ashe takardar an rubuta ta da Turanci a sama, da Hausa a ƙasa.

Ta karanta sau ɗaya a zuci. Sannan ta karanta a fili, kalma kalma, ba ta ɗaga murya ba.

"Tukunya ta ƙarshe da mahaifiyata ta gina. Ba a gasa ta ba. Yayarta ce ta bar mini ita."

Godiya yarinyar ta yi nufin yi mini. Na tsaya rabin awa ina rufe tulu da jikina, gaskiyar tana rubuce a bango kusa da kunnena.

Kaka ta ce, "Matsa."

Na matsa. Shekarata saba'in da wani abu, amma ban taɓa jin ta ce matsa na tsaya ba. Ta lalubo akwatin, ta lalubo cikin tulun, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ɗanyen yumɓu ba ya amsawa, wani ɗan dum yake yi kamar an buga ƙasa. Mutumin Legas ya taho da sauri, Alhaji ya riƙo hannun rigarsa ya ce masa da Turancin kasuwa ya dakata, wannan ba tasa ba ce. Kaka ta kai yatsu wuyan tulun ta bi zanen, ta zagaya har ta dawo inda ta fara. Sauran matan huɗu sun riga sun taru a bayanta.

"Sau nawa na tambaye ki?" in ji Kaka.

Na ce, "Sau biyu."

"Me kika ce?"

"Na ce duka."

Yarinyar ta ratso mutane ta zo, tana murmushi tukuna, tana cewa dama tana so ta kawo Kaka nan da kanta. Ta ga fuskokinmu ta tsaya. Wata cikin matan ta ja ta gefe ta gaya mata da yarenmu, a gajarce, abin da aka yi wa amarya rani uku da dalilinsa. Na ga yarinyar ta dafa bango. Ta dube ni, na dubi ƙasa.

Fasto ya gyara murya ya fara maganar gafara, cewa abin ya daɗe, kuma mu masu bi ne. Kaka ta ce, "Fasto, bari mu gama, sai ka yi addu'a a kai." Sannan ta ce ita ta tsufa, ba ta iya ɗaga tulu. Kuma ba ita aka fi yi wa laifi ba, ita sa ta aka yi ta yi zalunci da bakinta. Ta saki hannun surukarta, abin da ban ga ta yi a waje ba tun da idonta ya tafi, ta ce, "Amarya, ga ta nan."

Amarya ta gyara ɗaurin zane. Ta sa hannu biyu a ƙasan cikin tulun, ba a wuya ba, yadda ake ɗaukar ɗanye, ta ɗaga. Wani ɗalibi ya yi ƙara, masu hoto suka sauke kyamara. Ta juya ta nufi ƙofa.

Siton yana da tsawo. Ba wanda ya isa ya tare ta, don ko kafaɗa aka goga mata tulun ya tafi. Mutane suka dare. Mutumin Legas yana bin ta a gefe a durƙushe, hannayensa a buɗe ƙarƙashin tulun, yana ta magana ba mai juya mata. Ta wuce rigar albasa, iskar tafiyarta ta ɗaga labulen acca, ta bi ta ƙarƙashin ƙwai. Ni ina baya, gwiwoyina suna ciwo, ban iya saurinta ba. Yarinyar tana gefena, ba ta gudu, ba ta kira.

A bakin ƙofa ta tsaya. Ruwa yana zuba daga bakin kwano kamar an kwance igiya, taku ɗaya a gabanta. Ɗanyen tulu da ya shekara ashirin yana bushewa, in ya shiga ruwan nan, kafin a ƙirga ashirin ya zama kunu a hannunta. Feshi ya riga ya fara taɓa shi, ina ganin ɗigo-ɗigo suna yin baƙi a gefen da ke waje.

Na iso na ce, "Amarya, ba ita ta yi miki ba. Ni ce."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Na sani, Mama. Amma ke ko na sa ki a ruwa ba za ki narke ba."

Yarinyar ta ce, "Anti, Allah ya sani ban sani ba."

"Ke yarinya ce lokacin," in ji amarya. "Uwarki kike nema. Ba da ke nake ba."

Ta gyara riƙo, don tulu yana da nauyi in an riƙe shi nesa da jiki. Sannan ta fara yi mini magana, ba da ƙarfi ba, kamar mai karanta abin da ta daɗe da haddacewa. Ta ce ranar da aka hana ta rami ni ce na karɓe fartanyar daga hannunta. Ta ce da ta haihu, ni na zo na yi mata wankan jego kwana bakwai, tana ta mamakin yadda mace mai tsanani irina take mata kirki, ashe biya nake. Ta ce tata uwar ta mutu tana zaton ta haifi 'ya mai mugun hannu. Duk gaskiya ne.

Wata cikin matan ta jawo Kaka har ƙofa. Amarya ta tambaye ta, in an bar tulun bai koma ba, mene ne hukunci. Kaka ta ce a iya saninta ba a taɓa bari ba, amma hukuncin ba ɓoyayye ba ne: muddin yana waje, hannun da ya bar shi ba ya shiga rami, ba ya gini, ba ya zuwa wurin gashi. Sauran mata su yi aikinsu, abin ya tsaya a kan mai shi.

Amarya ta ce a tambayi mai safar, shekara nawa za su riƙe shi a Legas. Yarinyar ta juya masa, ya amsa, ta daɗe ba ta juyo mana da amsar ba. Alhaji ne ya faɗa. Ya ce mutumin ya ce gidan nasu ya karɓe shi ke nan, za a sa shi a gilashi, ba a mayarwa.

Sai a lokacin amarya ta juyo ta dube ni.

"To, Mama. Ni rani uku na yi. Ke ki zaɓa."

Tun ina 'yar shekara tara nake gini. Da tukwane na ciyar da 'ya'ya biyar bayan mijina ya rasu, da su na yi rufin kwano. Ban iya noman citta ba, ban iya zaman kasuwa ba. In ruwa ya ɗauke, ƙafata da kanta take kama hanyar rami. Yarinyar ta kama hannuna ta ce, "Mama, a'a. A sa ta a ruwan. Na yarda." Tana faɗa tana kallon tulun, ba ni ba, kuma idon nan ne dai na ƙarƙashin gado, bai canza ba.

Na zare hannuna na ce wa amarya, "Mayar da ita kan akwatin."

Ta ce ba ta ji ba, ruwa yana ƙara. Na sake faɗa yadda kowa zai ji.

Ta ce akwai saura. Kowane gida da aka taɓa tashi aka tsaya tsakaninta da shanya, sai na je na faɗa da bakina. Na ce zan je.

Ta koma da shi duk tsawon siton, a hankali fiye da zuwanta, ta ajiye a kan akwatin, ta juya shi har zanen wuyan ya fuskanci mutane yadda yake da farko. Inda tafukanta suka riƙe, gumi ya bar tabo biyu masu duhu, gefe ɗaya kuma feshi ya yi masa ƙananan ramuka kamar zanzana. Mutumin Legas ya durƙusa yana haska su da tocila yana ɗaukar hoto, yana girgiza kai. Amarya ta goge hannu a zane, ta je ta kama hannun Kaka. Fasto ya yi addu'arsa, gajeriya. Aka raba lemo da cincin, wasu suka ci.

Yarinyar ta roƙe ni in kwana a Kafanchan, ta ce za ta yi magana da mutanen Legas, za ta yi magana da Kaka, za ta riƙa aiko mini da duk abin da nake bukata. Na ce ta koma wajen baƙinta, suna jiranta, kuma ta sa a nemo gilashin nan kafin gobe don ba kowa ne ke da hannun amarya ba. A bas na zauna a baya ni kaɗai. Har muka wuce Kagoro ba wadda ta yi waƙa, mu da in mun fita tare ba ma yin shiru.

Washegari na tashi kafin mata su tafi gona. Na fara da gidan Kaka, don can amarya take. Na same ta tana shara a tsakar gida. Ba ta ba ni kujera ba, ban nema ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce tukwanen da suka fashe shekarar da ƙanwata ta rasu, ba hannun amarya ba ne, ni na bar ɗanya ban mayar rami ba, na kuma yi ƙarya sau biyu. Ta jingina tsintsiya ta ce maƙwabta ba su ji ba. Na ɗaga murya na sake. Mijinta ya fito daga ɗaki ya tsaya, ɗanta ma ya leƙo. Na gaishe su, suka amsa. Daga nan na gangara gidan da ke bin nasu, na yi sallama, na jira matar gidan ta fito.